Tabon Dutsen Guga

Tun ranar da aka ba Auta gurbin karatun likitanci sunan mahaifiyarta ya canza a unguwa. Wadda a da ake kira Hedimistires, saboda shekarun da ta shafe tana shugabantar makarantar 'yan mata, sai ta koma Maman Likita, kuma duk wanda ya yi kuskuren kiran ta da tsohon sunan yakan ga an amsa masa gaisuwa a taƙaice. Gidansu gidan mutunci ne, ba a jin hayaniyarsu, ba a taɓa kawo ƙarar ɗansu ba. Ita kuwa Auta, da za a tsare ta a tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓi wannan karatu, cewa za ta yi don ta taimaki al'umma, kamar yadda kowane ɗalibi ke faɗa. Gaskiyar magana ita ce, ita ke zuwa ta ɗaya a aji, kuma tun tana 'yar ƙarama Mama ta gama yanke cewa likita za ta zama.

Wata ranar la'asar ta dawo daga asibitin koyarwa a gajiye, farar rigarta a saɓe a hannu, ta tarar da Mama a falo tare da ƙawarta Anti Mai Sarƙa, wadda ke yawon sayar da sarƙoƙi da 'yan kunne gida-gida.

"Likita! Kin dawo? Zo ki gai da Antinki, ki ba mu labari. Yau me kuka gani?"

"Mama, wallahi na gaji. Tun safe muke tsaye a kilinik, ko ruwa ban sha ba."

"Ji min yarinya! Mu da muka sha wahalar karatun ba za a ɗan gutsura mana ba?"

Anti Mai Sarƙa ta yi dariya ta ce, "Bar ta, ilimin ne ya yi mata nauyi. Ni dai idan kin fito ki fara da gwiwar nan tawa, kullum ƙara take kamar tsohuwar ƙofa."

Ɗaliban likitanci suna da wata ɗabi'a da ta bi jikinsu. Mara lafiya da zarar ya fita daga ɗakin dubawa ya tashi daga mutum ya koma abin da suke kira kes, wato abin nazari. Suna ba juna labarin kes a wurin cin abinci, a mota, a bakin ɗakin lakca, kowa na son nasa ya fi ban mamaki. Ƙa'ida ɗaya suka riƙe: kada a faɗi suna. A ganinsu, matuƙar an cire suna an kiyaye amana. Da wannan fahimtar Auta ta zauna a hannun kujera ta fara.

"To akwai wani kes da na ɗauki bayaninsa yau. Wata mata ce, tela, mai farfaɗiya. Mama, kin ga matar nan? Tsaf-tsaf da ita, ba za ki taɓa cewa tana da wani ciwo ba. Wata rana tana guga abin ya tashi, ta faɗi, dutsen gugar ya kwanta mata a hannun hagu. Har yau tabon yana nan, da siffar bakin dutsen mai tsini, kamar an zana. Mijinta ya sake ta a kan ciwon, ta bar unguwarsu ta koma inda ba a san ta ba. Ta ce a can ban da ƙaninta babu wanda ya sani."

"Subhanallahi!" in ji Mama, tana dafe ƙirji. "Allah ya raba mu da wannan. Kin ji irin abin da 'yar taki ke gani, ko a jikinta!"

Auta ta ji daɗin yadda suka zuba mata ido. Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake tuna matar ba.

A lokacin akwai wanda zuciyarta ta kwanta da shi, wani injiniyan ruwa da abokansa ke kira Dogo. Mutum ne mai kunya a gaban manya, mai barkwanci idan sun keɓe. Yakan jira ta a ƙofar asibiti, yana hango ta sai ya dafe ƙirji ya langaɓe.

"Likita, a taimaka! Zuciyata ke bugawa."

"Idan ta daina bugawa ka dawo, yanzu mun tashi."

"Haba! Wannan asibiti babu tausayi. Ina ne ofishin kai ƙara?"

Mama ma ta yi na'am da shi. Ta bincika ta ji yana da aiki mai kyau, ba ya shaye-shaye, kuma yana cire takalmi tun daga bakin baranda. Abin da ya rage kawai ta ga danginsa. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, yayarsa ce ta riƙe shi ta yi masa karatu, kuma ba ya rufe hira bai ambaci Yaya ba. Aka sa ranar da zai kawo ta su gaisa.

Ran nan Mama ta sa aka fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙi na musamman. Auta ce ta buɗe ƙofa. Tana ɗaga ido sai ta ga matar da ke tsaye kusa da Dogo, cikin doguwar riga mai dogon hannu, ita ce telar nan ta kilinik. Yaya ma ta gane ta nan take. Fuskarta ta washe, ta riƙo hannun Auta ta matse, ta yi ƙasa da murya yadda ko Dogo bai ji ba.

"Ashe ke ce, 'yar likita? Alhamdu lillahi. Da ina ta fargabar yadda zan fara gaya wa matarsa, ashe sirrina yana hannun gida."

Auta ta yi gaba suka bi ta.

Hira ta yi daɗi da farko. Yaya mace ce mai natsuwa da iya magana, har Mama ta yaba ɗinkin rigarta ta tambayi wanda ya yi. "Ni ce, ai sana'ata ke nan," in ji Yaya. Sai Mama ta miƙa mata shayi, ta sa hannu biyu don ladabi, hannun rigar ya zame baya. Tabon ya fito fili, mai faɗi daga ƙasa, mai tsini daga sama. Auta ta ga idon Mama ya sauka a kansa ya tsaya, sannan ya taso a hankali ya same ta. Daga nan Mama ba ta ƙara dariya ba. Da baƙin suka yi sallama, ta kira mai aiki ta ce a ware kofin nan a ajiye shi daban.

"Ita ce ko?" Mama ta tambaya tun ƙarar motarsu ba ta ɓace ba.

"Mama, don Allah…"

"Tambayar ki na yi! Tela, tabon dutsen guga a hannun hagu, ƙani guda. Ni za ki rufe? Na yi shekaru ina kama yara da ƙarya tun ba a haife ki ba!"

"Mama, ki saurare ni. Nata ba na gado ba ne, hatsarin mota ta yi tana budurwa ta bugu a kai. Kuma ba a ɗauka, wallahi ba a ɗauka, ko a kofi ko a yawu. Tana shan magani, ta daɗe rabonta da faɗuwa."

"Wannan ki gaya wa malamanku. Ni mutane zan fuskanta. So kike a riƙa nuna jikokina ana cewa ga dangin masu faɗuwa? Sunan da na gina shekara da shekaru ba zan zubar da shi a shagon tela ba. Maganar nan ta mutu!"

Auta ta durƙusa tana kuka, ta riƙe ƙafar Mama. "Na ji, ki hana ni shi idan kin ga dama. Amma ki rufa min asiri kada maganar ta fita. Amana ce aka ba ni, Mama, amana ce!"

"Amanar da kika zauna a nan kika ba mu da bakinki?"

Wannan kalma ta fi mari zafi, don babu ƙarya a cikinta.

Mama ba muguwar mace ba ce, kuma ba ta yi niyyar tona kowa ba. Sai dai mutane sun riga sun ji ana batun auren, dole a ba su dalilin fasawa, dalilin da ba zai taɓa gidanta ba. Mutum ɗaya ta gaya wa, ƙawarta, wadda dama ta ji rabin labarin da kunnenta. Anti Mai Sarƙa kuwa babu gidan da ba ta shiga. Ba a jima ba maganar ta tsallaka har unguwar da Yaya ta je ta ɓuya. Mata suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a ɗinka ba, kowa da uzurinta. Iyayen 'yan matan da ke koyon ɗinki a wurinta suka janye 'ya'yansu. Mai shagon kusa ta daina aron almakashinta.

Dogo ya zo ƙofar asibiti kamar kullum, amma bai dafe ƙirji ba, bai ma fito daga mota ba. Auta ta shiga ta zauna a ɗarare.

"Tambaya ɗaya zan yi miki," ya ce, yana kallon gaba. "Ban da tsohon mijinta, mutum uku ne suka sani: ni, da Farfesar da ke duba ta, da ɗalibar da ta ɗauki bayaninta. Ni ban faɗa ba."

"Ban faɗi sunanta ba, Dogo. Wallahi ban san yayarka ba ce. Kes ne kawai na…"

"Kes!" Ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Matar da ta hana kanta barci tana taka keken ɗinki don in yi makaranta, ita ce kes? To da ba yayata ba ce fa? Da yayar wani ce, shi ke nan ya halatta?"

"Sori, don Allah, ka yi haƙuri…"

"Da Mama ce kawai ta ƙi ni, da na jira ki ko shekara nawa ne. Wannan kuwa ban san yadda zan kalli Yaya in ce mata ga matar da na zaɓa ba. Sauka, ina da aiki."

Ta sauka. Ta tsaya a bakin titi da farar riga a hannu, masu wucewa na gaishe ta da "Sannu, Likita," tana jin kamar zagi ne.

Ranar da Yaya ya kamata ta dawo kilinik ta zo ta wuce, ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Farfesa, dattijuwar likitar ƙwaƙwalwa da ke koyar da su, ta tsaya da katin a hannu ta ce, "Wannan baiwar Allah ba ta taɓa saɓa rana ba. Maganinta ya isa ƙarewa. Wa ya san abin da ya same ta?" Auta ta san idan ta yi shiru babu mai ganewa. Ta kuma san abin da ke faruwa da mai irin wannan ciwo idan magani ya yanke, ga almakashi, ga dutsen guga, ga titi. Bayan an tashi ta bi Farfesa ofis ta faɗa mata komai.

Farfesa ta cire tabarau ta dube ta.

"Kin cire suna, kika bar sana'arta, da tabonta, da mijinta, da ƙaninta. Me ya rage na mutum da ba ki faɗa ba? Gaya min, me ya kawo ki karatun nan?"

"Don in taimaki al'um…"

"Kada ki karanto min abin da kika haddace. Me ya kawo ki?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminta. "Ban sani ba, ranki ya daɗe. An ce na iya, ni kuma na ji daɗin yadda ake kallo na."

"To aƙalla yau kin faɗi gaskiya. Dole in kai maganar gaban kwamiti, kuma ina zaton za ki maimaita shekarar nan. Wannan nasu ne. Nawa kuma, ki nemo min mara lafiyata. Ke kika kore ta."

Haka aka yi. Aka dakatar da Auta, 'yan ajinta suka wuce suka bar ta. Labarin bai kwana ba ya shiga jakar Anti Mai Sarƙa tare da 'yan kunne, ya fito a gidaje da ƙari: wai an kori 'yar Maman Likita, wai dama ba ta iya komai ba. Mama ta je gaisuwar wata maƙwabciya ta ji an yi shiru da shigarta, wata kuma ta kira ta Hedimistires da ƙarfi, tana murmushi. Ta dawo gida ta rufe ɗaki, ba ta ci abinci ba. A karon farko ta ɗanɗani yadda mutum ke ji idan ana yawo da shi a baki.

Ita kuwa Auta ta nemi shagon Yaya har ta samu. Ɗan ɗaki ne mai kekuna uku, biyu a lulluɓe da ƙyalle. Yaya ta ɗago ta gan ta, ta mai da kai kan aikinta.

"Ba ma karɓar ɗinki yau."

"Yaya, ba ɗinki na kawo ba. Ba kuma maganar Dogo ba, na san na rasa shi. Maganinki ya ƙare. Ki tsane ni yadda kike so, amma ki koma asibiti."

"In koma in ba wa wani yaron labarin da zai kai wa uwarsa?"

Ta kore ta ran nan, ta kore ta washegari. Auta ba ta fasa zuwa ba. Takan zauna a benci a bakin ƙofa, idan ta ga zare ya zube ta share, idan za a yi guga ta riga ta ɗaukar dutsen. Tun Yaya na yi kamar ba ta gan ta ba har wata rana ta tsayar da keke ta ce, ba tare da ta kalle ta ba:

"Kin san abin da ya sa na gaya miki komai ran nan? Likitoci nawa suka duba ni, kowa a tsaye yake tambaya, yana kallon agogo. Ke kika ja kujera kika zauna. Kika riƙe hannun nan kika tambaye ni ko har yanzu yana zafi. Mijina ma bai taɓa tambaya ba. Na fita ina cewa yarinyar nan Allah ya yi ta don aikin nan."

Auta ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko a gaban Dogo. Ita ta manta ma ta yi hakan. Sai a wannan benci ta gane abin da ake miƙa wa likita idan an rufe ƙofa, ta kuma ji a ranta, ba don Mama ba, ba don kallon mutane ba, tana son ta zama wadda za a miƙa wa irinsa ya kwana lafiya. Washegari Yaya ta yafa mayafi suka tafi asibiti tare, Auta ta tsaya a waje har aka gama.

Abin da babu wanda ya zata shi ne zuwan Mama. Wata safiya, lokacin da layin ya cika da mutane, mota ta tsaya a ƙofar shagon, ta fito da yadi a hannu cikin shigarta ta alfarma. Ta gaisa da Yaya da murya sama, ta zauna aka gwada ta, sannan ta ce, "'Yata, ƙishirwa nake ji. Ba ni ruwa a kofin da kike sha." Ta shanye a bakin ƙofa, maƙwabta na kallo. Da ta miƙa kofin ta yi ƙasa da murya ta ce, "Na zalunce ki. Ina tsoron bakin mutane, sai na jefa ki a cikinsa. Ki yafe min." Mace irin Mama ba ta saba furta wannan ba, kuma Yaya ta san nauyinsa.

Masu ɗinki sun dawo, amma ba duka ba. Keke ɗaya ya ci gaba da zama a lulluɓe. Dogo kuma ya daɗe bai waiwayo ba, Auta ba ta aika masa kowa ba, ta duƙufa kan shekarar da take maimaitawa. Sai da ta kusa kammalawa Yaya da kanta ta kira ƙaninta ta ce, "Ni aka yi wa laifi, na kuma yafe. Kai fushin wa kake tayawa? Je ka ɗauko yarinyar nan kafin wani mai hankali ya riga ka." Aka ɗaura aure bayan ta karɓi shaidar zama likita, Yaya ce ta ɗinka mata kayan da ta sa.

Bayan auren da 'yan watanni Yaya ta zo musu yini, Auta ta lura tana yawan dafe kai.

"Yaya, ciwon kai ne? Tun yaushe? Zo mu shiga ciki in duba ki."

Yaya ta yi murmushi, ta kama hannunta ta mayar mata da shi kan cinyarta a hankali.

"A'a, ƙanwata. Ke matar ƙanina ce, ina son ki har raina, kuma na ji marasa lafiya na yabon ki. Amma ciwona na kai shi wani wuri. Kawo min ruwa dai in sha."

Auta ta tashi ta nufi kicin. Ta tsaya a gaban famfo har kofin ya cika ya tumbatsa, sannan ta share ido ta fito da fara'a. Ba ta sake tambaya ba, Yaya kuma ba ta taɓa canza magana ba har tsufansu.

Haƙuri ya dawo wa Auta da mijinta, ya dawo wa gidansu da mutuncinsa, amma bai dawo mata da yardar da ta zubar a hirar la'asar ɗaya ba. Don haka, 'ya'yana masu burin sa farar riga, ku binciki zuciyarku tun kafin ku shiga, ku san abin da ya kai ku. Mu kuma iyaye mu ji tsoron Allah, mu daina tatsar bakin 'ya'yanmu don mu sami abin ƙawata falo. Wanda ya tuɓe sirrinsa a gaban likita bai ba shi labari ba, kansa ya ba shi ajiya.